Dokta Ludwig Guttmann: Likitan Da Ya Ƙi Sallama Masu Ciwon Laka

Da farko ina neman afuwar 'yan'uwana ɗalibai. An saba a fili irin wannan a kawo tarihin magabatanmu, irin su Abubakar Imam da Sa'adu Zungur da Mamman Shata, sai ga shi ni na tsallaka teku na ɗauko wani Bayahuden Jamus da ya mutu tun 1980. Ina da dalili, kuma dalilin nawa daga gidanmu na Gashuwa ya taso.

Ina aji uku a sakandare kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya faɗo daga saman wata babbar mota da aka laƙa wa buhunan tattasai, a kan hanyar Gashuwa zuwa Nguru. Mutanen da suka kawo masa agaji, da kyakkyawar niyya, suka kama shi hannu da ƙafa suka naɗe shi a bayan wata ƙaramar mota. Aka fara kai shi wajen mai ɗori, daga baya aka kai shi asibiti aka yi hoto, aka ce ƙashin baya ya karye, laka ta taɓu, ba zai sake takawa ba. Muka dawo da shi gida muka shimfiɗa masa katifa a ɗakin zaure. Daga cibiya zuwa ƙasa ba ya jin komai, amma hankalinsa garau, hannayensa da ƙarfinsu, yana cin tuwonsa yana sauraron rediyo, har ma yana tsokanar yaran gida. Mu kuwa a ganinmu babbar kulawa ita ce kada a motsa shi, don kada a fama masa ciwo. Kafin wata biyu wani gyambo ya buɗe masa a tsatso, wani a ɗuwawu, fitsarinsa ya canja kala, zazzaɓi ya riƙa zuwa yana tafiya. A wata na bakwai Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Shekaru da dama na ɗauka karayar bayan ce ta yi ajalinsa. Sai da na shigo jami'a na ci karo da tarihin wannan likita, sannan na gane cewa abin da ya cinye Kawu gyambo ne da ciwon mafitsara, kuma tun 1944 aka san yadda ake kare su.

Kafin in shiga tarihin, bari mu ɗan tsaya kan kalmar laka, tunda mu ɗaliban harshe ne. Laka ita ce farar jijiyar nan mai taushi da ke cikin ramin ƙashin baya, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa ta gangaro zuwa tsatso, kaurinta bai fi na ɗan yatsa ba. Duk mahauci ya san ta. Ita ce hanyar da saƙon ƙwaƙwalwa yake bi ya isa ga gaɓoɓi, kuma ta nan jin zafi da sanyi da taɓawa suke komawa sama. Idan ta tsinke a wani wuri, duk abin da ke ƙasa da wurin ya rabu da umarnin ƙwaƙwalwa, har da riƙon fitsari da bayan gida. Ashe da Bahaushe ya ce wane jikinsa ba laka, yana nufin rago ko wanda ya yi laushi, ba a banza ya zaɓi kalmar ba.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Ludwig Guttmann ranar 3 ga Yuli, 1899, a garin Tost da ke yankin Silesiya, wanda a lokacin yake cikin Jamus, yanzu kuwa yana cikin ƙasar Poland da sunan Toszek. Iyayensa Yahudawa ne. Yana ƙarami suka koma Königshütte, garin masu haƙar kwal da masana'antu. A 1917, yana saurayi ɗan shekara 18, ya shiga aikin sa kai a asibitin da ake kai waɗanda suka yi haɗari a wurin aiki. A nan aka kawo wani ƙaƙƙarfan mahaƙin kwal da bayansa ya karye. Guttmann ya ɗauki takarda zai rubuta bayanin majinyacin, sai aka nuna masa kada ya wahalar da kansa, domin mutumin ba zai wuce 'yan makonni ba. Haka kuwa aka yi: cikin mako biyar gyambo da ciwon mafitsara suka kashe shi. Guttmann bai manta da wannan mutumin ba har tsufansa.

Ba mugunta ce ta sa likitocin wancan zamani suke faɗin haka ba, abin da suka gada ke nan. Wata tsohuwar takardar likitanci ta Misira, wadda ta haura shekara 3,000, ta sanya tsinkewar laka cikin cututtukan da likita ba ya taɓawa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ma, shahararren likitan Amurka Harvey Cushing ya ba da rahoton cewa kusan kashi 80 cikin 100 na sojojinsu da suka ji rauni a laka sun mutu cikin makonnin farko. Saboda haka idan likita ya duba mutum ya ce laka ce, tamkar ya yanke masa likkafani ne.

A 1918 Guttmann ya fara karatun likita a Jami'ar Breslau, ya koma Freiburg, inda ya kammala a 1924. Daga nan ya zama almajirin Otfrid Foerster, ɗaya daga cikin manyan masana jijiyoyi na Turai, wanda har Lenin na Rasha ya yi wa jinya. Foerster mutum ne mai tsanani da bin diddigi, ba ya yarda da a ce an duba majinyaci sai an bi jikinsa gaɓa gaɓa an san inda ji ya tsaya. Wannan hali Guttmann ya ɗauka, har da tsananin. Ya yi aure a 1927, ya haifi 'ya'ya biyu, kuma kafin 1933 ana lissafa shi cikin gwanayen tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Jamus.

Dare ɗaya a Breslau

Da Hitila ya hau mulki a 1933, aka hana likitoci Yahudawa aiki a asibitocin gwamnati. Guttmann ya koma Asibitin Yahudawa na Breslau, kuma a 1937 ya zama shugabansa. A daren 9 ga Nuwamba, 1938, 'yan Nazi suka far wa Yahudawa a duk faɗin Jamus, suka ƙona wuraren ibadarsu, suka farfasa kantunansu, suka kama dubban maza zuwa sansanonin azaba. Guttmann ya ba ma'aikatansa umarni cewa duk wanda ya zo ƙofar asibiti a daren a ba shi gado, kada a tambaye shi abin da ke damunsa. Kafin gari ya waye an kwantar da mutum 64.

Washegari 'yan sandan ciki na Gestapo suka iso suna neman bayani. Guttmann ya bi da su gado gado, kowane mutum yana faɗa musu ciwon da ya sa aka kwantar da shi. Da yawa daga cikinsu lafiyarsu lau, tsoro ne kawai ya koro su. A ƙarshe 60 suka tsira, aka tafi da huɗu.

Na daɗe ina juya wannan labari a raina. A ƙa'ida, binciken likita amana ne, kuma darajarsa ita ce ya faɗi abin da ya gani, ba abin da wani yake so ya ji ba. Ga likita kuma ya ƙirƙira wa masu lafiya cututtuka. Amma ni ban ga laifinsa ba ko kaɗan, domin wanda ya zo karɓar rahoton ba gaskiya yake nema ba, wuyan da zai yanka yake nema. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, tun daga ranar nan Guttmann ya san nauyin kalmar likita a kan ran mutum: da ita aka sallama mahaƙin kwal a 1917, da ita kuma ya ceci mutum 60 a 1938.

Ba a jima ba gwamnatin Jamus ta mayar masa da fasfonsa da ta ƙwace, ta tura shi Fotugal ya duba wani abokin firaministan ƙasar, Salazar. Wannan tafiya ce ta ba shi damar ratsawa ta Landan, inda wata ƙungiya mai taimakon malaman da ake zalunta ta shirya masa mafaka. A watan Maris na 1939 ya isa Oxford da matarsa da 'ya'yansa, kusan hannu rabbana. Ya yi shekara huɗu yana bincike kan raunin jijiyoyi, ba tare da an bar shi ya yi tiyata ba, abin da ya dame shi ƙwarai.

Stoke Mandeville

A 1943 Ingila da ƙawayenta suna shirin tsallakawa Faransa da yaƙi, kuma an san za a kwaso sojoji masu raunin laka da yawa. Gwamnati ta nemi Guttmann ya buɗe musu sashe na musamman. Aiki ne da manyan likitoci ba sa so, domin a ganinsu gadin masu jiran mutuwa ne. Shi kuwa ya karɓa bisa sharaɗin a bar shi ya yi yadda ya ga dama. Ranar 1 ga Fabrairu, 1944, aka buɗe sashen a asibitin Stoke Mandeville, kusa da garin Aylesbury, da 'yan gadaje da majinyaci ɗaya tak.

A nan nake roƙon mai karatu ya nutsu, domin nan ne zuciyar wannan rubutu. Mai lafiya ko barci yake yi yakan juya ba tare da ya sani ba, saboda idan nauyinsa ya danne fata a kan ƙashi, jini ya daina isa wurin, jiki yakan ji ya motsa. Mai ciwon laka ba ya jin wannan gargaɗi. Fatar da aka danne sa'o'i da yawa sai ta mutu, ta yi ja, ta yi baƙi, ta ɓurme ta zama gyambo mai zurfi har ƙashi, musamman a tsatso da ƙugu da ɗuwawu da dunduniya. Daga gyambon ƙwayoyin cuta suke shiga jini. Maganin da Guttmann ya kafa ba shi da tsada: a juya majinyaci duk bayan awa biyu, dare da rana, daga rigingine zuwa gefen dama, zuwa gefen hagu, a tokare shi da matasai, a duba fatarsa kullum, a tabbatar shimfiɗarsa a bushe take ba ƙudundune ba. Ya kori gadajen filasta da ake kwantar da irin waɗannan majinyata a ciki, domin su ma gyambo suke haifarwa.

Makashi na biyu shi ne fitsari. Mafitsarar da ba ta zubar da abin da ke cikinta sai ta zama matattarar cuta, cutar ta hau zuwa ƙoda. A da ana huda mara a bar roba a ciki. Guttmann ya fi son a riƙa sa robar fitsari mai tsabta lokaci lokaci a zubar, a cire, ba tare da hannu ya taɓa ta ba, majinyaci kuma ya sha ruwa da yawa. Allah ya taimake shi kuma maganin penisilin ya fara samuwa a daidai wannan lokaci. Don a yi adalci, ba shi kaɗai ya fara wannan tunani ba, domin Donald Munro ya buɗe ƙaramin sashe irin wannan a Boston ta Amurka tun 1936. Sai dai Guttmann ne ya haɗa komai wuri guda, ya tsaya a kai da taurin kai har duniya ta bi.

Taurin kai kuwa yana da shi. Gajere ne, mai faɗa, ba ya son musu. Yakan faɗo ɗakin majinyata da tsakar dare don ya ga ko an juya su, kuma wanda ya samu ya yi sakaci zai ji a jikinsa. Ya rage wa majinyata magungunan sa barci da aka saba dirka musu, ya tilasta musu tashi zaune, da motsa jiki, da koyon sana'a kamar sassaƙa da gyaran agogo da buga tafireta. Burinsa, kamar yadda ya sha bayyanawa, shi ne majinyacinsa ya koma gari ya yi aiki har gwamnati ta karɓi haraji a hannunsa. Wasu abokan aikinsa sun ɗauke shi mai mulkin kama-karya, kuma da gaskiyarsu. Amma majinyatan nasa Poppa suke kiransa, wato Baba.

Haka kuma ya sauya ma'anar binciken da likita yake yi wa mai ciwon laka. A wajensa ba a duba mutum don a lissafa abin da ya rasa kawai, ana duba shi don a san abin da ya rage masa: ina ji ya tsaya, wace tsoka ce take motsi, me za a iya ginawa a kanta. A wannan asibiti ne almajirinsa Hans Frankel da abokan aikinsa suka fitar da ma'auni a 1969, mai matakai biyar daga A zuwa E. Mai matakin A ba ji ba motsi a ƙasan raunin, mai matakin E kuwa ya dawo daidai. Ma'aunin da likitoci suke amfani da shi yau a duniya daga wannan ya samo asali. Da a ce an yi wa Kawu irin wannan duba aka yi mana bayani da Hausa, da mun san cewa mai hannaye biyu masu ƙarfi da lafiyayyen hankali ba mai jiran kabari ba ne.

Daga kwari da baka zuwa Rum

Yawancin mutane ta hanyar wasanni suka san sunansa. Ya lura samarin sojojin nan zaman gado yana kashe musu zuciya, sai ya shigo da wasa cikin magani. An fara da wani irin folo a kan keken guragu da sanduna, aka ga ana jin ciwo aka bari, aka koma ƙwallon raga da harbin kibiya. Harbin kibiya ya fi dacewa, domin yana ƙarfafa kafaɗa da hannu da baya, kuma wanda ke zaune a keke yana iya karawa da mai ƙafa biyu ya kayar da shi.

Ranar 29 ga Yuli, 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Landan, Guttmann ya shirya gasar harbin kibiya a filin asibitinsa. Mutum 16 ne suka shiga, maza 14 da mata biyu, dukkansu tsofaffin ma'aikatan soja. Da gangan ya zaɓi ranar. A 1952 tawaga ta zo daga Holan, gasar ta zama ta ƙasa da ƙasa. A 1960 aka kai ta birnin Rum bayan kammala Olamfik, da ɗaruruwan 'yan wasa, kuma wannan ce ake lissafawa a matsayin gasar Olamfik ta nakasassu ta farko, wadda duniya ta sani da suna Paralympics.

Da gasar ta girma, aka shigo da makafi da masu yankakkun gaɓoɓi a 1976, daga baya kuma masu raunin fahimta. A nan ne aka ga cewa binciken likita mai zaman kansa ba abin wasa ba ne. A gasar Sidni ta 2000, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Sifen ta ci zinare a rukunin masu raunin fahimta, sai daga baya ta bayyana cewa 10 daga cikin 'yan wasanta 12 ba su da wata nakasa, ba a ma gwada su yadda ya kamata ba. Aka ƙwace lambar, aka dakatar da rukunin gaba ɗaya, bai dawo ba sai 2012 bayan an tsaurara gwaji. Waɗanda suka sha wahalar wannan ha'inci su ne masu raunin na gaskiya, da aka hana su fili shekara 12.

Mu ma a Nijeriya mun ci moriyar abin da ya shuka. Ƙasarmu ta fara zuwa gasar a Basalona a 1992, ta dawo da zinare uku. A Landan a 2012, 'yan wasanmu masu lafiyar jiki sun dawo daga Olamfik ko tagulla babu, amma nakasassunmu suka kawo lambobi 13, shida daga ciki na zinare, akasari a ɗaga nauyi. A wannan gasa 'yar Guttmann, Eva Loeffler, ita aka naɗa magajiyar unguwar 'yan wasa. Duk da haka, har yanzu idan Bahaushe ya ji an ce gurgu, abin da ya fi saurin zuwa masa a rai shi ne ƙoƙon bara da ƙofar masallaci. Muna da sarautar Sarkin Guragu a garuruwanmu tun da daɗewa, wadda ke nuna al'umma ta san da zamansu, amma wurin da ta ajiye su ba shi ne wurin da Guttmann ya nufa da nasa majinyatan ba.

Ƙarshen rayuwarsa

Guttmann ya zama ɗan ƙasar Ingila a 1945. A 1961 ya kafa ƙungiyar likitocin ciwon laka ta duniya, ya kuma zama editan farko na mujallarta. Ya ajiye shugabancin sashen a 1966, shekarar da Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir, amma bai daina aiki ba: ya tara kuɗin gina filin wasan nakasassu na Stoke Mandeville da aka buɗe a 1969, ya kuma wallafa babban littafinsa kan kula da masu raunin laka a 1973. Ciwon zuciya ya buge shi a watan Oktoba na 1979, ya mutu ranar 18 ga Maris, 1980, yana da shekara 80.

A hutun da ya wuce na je gida, sai mahaifiyata ta aike ni in duba ɗan wata maƙwabciyarmu da ya yi haɗarin mota, aka dawo da shi daga Kano a kwance. Na same shi a rigingine, an lulluɓe shi, mahaifiyarsa tana gefe da mafici. Bayan mun gaisa na tambaye ta ko an ce a riƙa juya shi. Ta ce an faɗa musu a asibiti, har an nuna musu yadda ake yi, amma tausayinsa take ji, gani take kamar za ta ƙara karya shi. Na ba ta labarin Kawu, wanda ta sani sarai, domin ta zo mana gaisuwa a lokacin. Ta yi shiru. Daga nan muka kira ƙannensa biyu, ɗaya ya riƙe kafaɗa ɗaya ya riƙe ƙugu, muka mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume yadda ma'aikatan jinya suka koya musu, muka tokare bayansa da matashi, muka sa wani tsakanin gwiwoyinsa. A tsatsonsa akwai wani jan tabo kamar faɗin kwabo, bai riga ya fashe ba. Inna ta ce da rana za ta riƙa kwatantawa da lokutan salla tana ƙarawa a tsakani, dare ne matsalarta. Sai ƙaramin ya ciro wayarsa, ya saita ta ta riƙa kaɗawa ƙarfe 12, da ƙarfe 2, da ƙarfe 4.